Me "ƙabila" ke nufi a takardar masu binciken cututtuka?

Duk wanda masu binciken lafiya suka taɓa yi wa tambayoyi a Kano ya san inda ake zuwa a ce masa: "Wane yare ne kai?" Masu nazarin yaɗuwar cututtuka suna rarrabe abu biyu a nan. Akwai launin fata, wato baƙi ko fari da makamantansu, akwai kuma ƙabila, wadda ta shafi harshe da al'ada da asali. Dukansu ba a awon jini ake gano su ba. Abin da mutum ya faɗa da bakinsa shi ake rubutawa.

Rukunonin ma hukuma ce ke yanka su. Amurka ta tsara nata a 1977, ta gyara a 1997, sannan a 2024 ta ware wa mutanen Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka gurbinsu, alhali da cikin fararen fata ake lissafa su. Ƙidayar Najeriya ta 2006 kuwa ko tambayar ƙabila ba ta yi ba.

A birnin Kano abin ya fi fitowa fili. Shiga Zangon Barebari ko Tudun Nufawa ko Agadasawa ko Ayagi ta Yarabawa ka yi tambayar, galibi "Bahaushe" za a ce maka, ga sunan unguwar kuma yana faɗin inda kakanni suka fito. Balle Bafulatanin cikin gari da ko gaisuwa ba ya iyawa da Fulatanci. Idan aka haɗa shi da makiyayin ruga a gurbi ɗaya, me aka auna? Abincinsu daban, ruwan shansu daban, nisansu da asibiti daban.

Ba wai gado ba ya tasiri ba. Bincike a Burkina Faso da Mali ya nuna zazzaɓin cizon sauro bai cika kama Fulani kamar maƙwabtansu Mosi da Dogon ba. Amma sikila, da wasu ke ɗauka ciwon baƙar fata ce kaɗai, tana nan a Indiya da Saudiyya.

Kuskuren ɗaukar launin fata a matsayin ma'aunin lafiya yana da tsada. An daɗe a Amurka ana ƙara wa baƙar fata maki a lissafin ƙarfin ƙoda, sai ƙodar mai ciwo ta fito kamar da sauran lafiyarta, a jinkirta masa magani ko shiga layin dashe. Sai a 2021 aka cire launin fata daga lissafin.