Diolch

Diolch kalma ce ta godiya a harshen Welsh, wanda masu shi ke kira Cymraeg, harshen yankin Wales na ƙasar Birtaniya. Harshen ɗan dangin harsunan Kelt ne, kuma 'yan uwansa na kusa su ne Breton na arewa maso yammacin Faransa da Cornish na kudu maso yammacin Ingila. Duk da wannan kusanci, kowannensu da tasa godiyar: Breton na cewa trugarez, Cornish kuma meur ras.

Kalmar gaɓa biyu ce, di-olch, ana ƙarfafa ta farko. Inda baƙi ke tuntuɓe shi ne ƙarshenta. A rubutun Welsh, ch harafi ɗaya ne, kuma sautinsa daga maƙogwaro yake fitowa, kusan irin خ na Larabci. Wanda ya yi karatun allo ba zai sha wuya a nan ba.

Diolch na aiki a matsayin suna da kuma aikatau. Idan godiyar ta yi yawa sai a ce diolch yn fawr, ko a ƙara iawn a ƙarshe don ƙarfafawa. A nan ne wata ɗabi'ar harshen ke fitowa fili: baƙin farko na kalma yakan sauya gwargwadon abin da ya gabace shi. Asalin fawr shi ne mawr, wato babba. Haka calon, zuciya, ke komawa galon a cikin diolch o galon, godiya daga zuci. Popeth ya zama bopeth a diolch am bopeth, godiya kan komai. Duw kuma ya koma Dduw a diolch i Dduw, godiya ga Allah. Ga aboki ko yaro ana cewa diolch i ti, ga babba ko jama'a kuwa diolch i chi. Amsar da aka saba ita ce croeso, wadda kuma ita ce kalmar maraba. Mai ƙin tayi cikin ladabi yakan ce dim diolch.

Ƙidayar 2021 ta nuna mutum kusan 538,000 a Wales ke jin harshen, kashi 17.8 cikin ɗari na masu shekara uku zuwa sama. Amma diolch ta zarce wannan adadi, domin har waɗanda Turanci kaɗai suke ji sukan furta ta a kanti ko wajen sauka daga bas. Ana kuma jin ta a lardin Chubut na Ajantina, inda 'yan Wales suka kafa zango a 1865.