Waiwaye: Doguwar Neman Abin Da Ya Haɗa Maganaɗisu Da Lantarki A Jiki Ɗaya

Tun a 1820, lokacin da Hans Christian Ørsted ya ga allurar kamfas tana karkata idan wuta ta bi ta wayar da ke kusa da ita, masana suka gane akwai dangantaka tsakanin lantarki da maganaɗisu. Tambayar da ta fi wuya ita ce ko akwai daskararren abu wanda halayen biyu suke zaune a cikinsa, har a iya juya ɗaya ta hanyar taɓa ɗayan. Pierre Curie na Faransa ya yi hasashen haka a 1894, bisa nazarin yadda ƙwayoyin zarra suke jeruwa a cikin kiristal, amma ya rasu a 1906 ba a ga misali ko ɗaya ba.

Sai a 1959 Igor Dzyaloshinskii na Tarayyar Sobiyet ya nuna ta hanyar lissafi cewa sinadarin Cr2O3, wato haɗin kuromiyam da oksijin, zai yi wannan hali, kuma wani masanin ƙasar mai suna Astrov ya tabbatar da hakan a gwaji a 1960. Tasirin bai taka kara ya karya ba. A 1966 Hans Schmid da abokan aikinsa a Janiba suka juya maganaɗisun wani kiristal mai ɗauke da nikel da ayodin ta hanyar lantarki, sai dai hakan ba ya yiwuwa sai cikin sanyin da ya kai kusan digiri 210 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyas. Daga nan binciken ya lafa na tsawon shekaru, ko da yake Schmid ya raɗa wa irin waɗannan abubuwa suna maltiferoyik a 1994.

A ganina, abin da ya farfaɗo da fannin shi ne tambayar da Nicola Spaldin ta yi a 2000: me ya sa irin waɗannan abubuwa suka yi ƙaranci haka? Amsarta ta nuna cewa matsalar tana can cikin ƙwayar zarra. A sinadari irin BaTiO3, titaniyam yana gocewa kaɗan daga tsakiyar gurbinsa, wannan gociyar ce take raba caji gida biyu, wato ita ce tushen halin lantarkin, kuma ta fi samuwa idan wani rukuni na mazaunin ilaktiron ɗinsa babu kowa a ciki. Shi kuwa maganaɗisu yana buƙatar a sami ilaktiron marasa abokan haɗi a wannan mazauni ɗin. Halayen biyu sun zama kamar kishiyoyin da aka ba ɗaki ɗaya, don haka dole a nemo dabarar raba musu wurin zama.

A 2003 aka ga dabaru biyu. Ayarin Ramamoorthy Ramesh a Amurka ya shimfiɗa BiFeO3, wato haɗin bismut da ƙarfe da oksijin, siriri ƙwarai, ya sami rarrabuwar caji mai ƙarfi. A wannan sinadari an raba aiki, bismut yana kula da ɓangaren lantarki, ƙarfe kuma da na maganaɗisu, kuma duka biyun suna ɗorewa a zafin da ya zarce digiri 300. Cikas ɗinsa shi ne ƙwayoyin ƙarfen da ke maƙwabtaka suna fuskantar sassa mabambanta, sai ƙarfinsu ya kusa soke juna. A Japan kuma, Tsuyoshi Kimura da Yoshinori Tokura suka nuna cewa a TbMnO3 murɗaɗɗen tsarin maganaɗisun ne da kansa yake haifar da halin lantarki, saboda haka alaƙar tana da ƙarfi, amma sai a kusan digiri 245 ƙasa da sifili.

Dalilin wannan naci a bayyane yake. Rubuta bayanai a ma'adanar maganaɗisu ta hanyar tura wuta yana cin makamashi, yana kuma haifar da zafi, alhali da matsin lantarki kaɗai zai iya juya maganaɗisun, da asarar ta ragu matuƙa. A kan wannan ne masanan kamfanin Intel suka gabatar da tsarin wata na'urar lissafi mai amfani da BiFeO3 a 2018. Har yanzu dai ba a sami sinadari guda mai ƙarfi ta ɓangarorin biyu a yanayin zafin ɗaki ba, shi ya sa masu ƙera na'urorin auna maganaɗisu ta wannan hanya suka fi dogara ga manna abubuwa biyu daban, ɗaya ya motsa ya matsa ɗayan, dabarar da masanan kamfanin Philips suka fara gabatarwa a 1972.