Sabbin wutsiyoyin adireshin intanet

Wutsiyar adireshi ita ce ɗan guntun nan da ke zuwa bayan ɗigo na ƙarshe, irin su .com da .org da .net da suke nan tun 1985. Hukumar ICANN ce ke kula da su, an kafa ta a 1998, hedikwatarta na Los Angeles a Amurka. A da in ka cire na ƙasashe duka-duka 22 ne, sai a 2012 hukumar ta buɗe ƙofa ta ce duk mai so ya nemi tasa, kuɗin nema kaɗai dala 185,000, ga kuma dala 25,000 duk shekara. Duk da tsadar nan sai da aka shigar da takardu 1,930, sama da 1,200 kuma suka fara aiki, har da na rubutun Larabci da na Sinanci.

Amfanin a fili yake. Sunaye masu daɗi a .com an daɗe da kwashe su, to yanzu mai ƙaramar sana'a zai iya samun gajeren suna a .shop ko .store ba sai ya je yana roƙon wanda ya riga shi ya sayar masa da tsada ba, birane ma sun samu nasu kamar .berlin da .london, nahiyar Afirka ta samu .africa a 2017. Amma gaskiya tsoka mai kauri ta tafi wurin masu riƙe da wutsiyoyin ne da ita hukumar, don idan kamfanoni suka haɗu a kan suna ɗaya ba su daidaita ba gwanjo ake yi. Google ya biya dala miliyan 25 a kan .app a 2015, .shop ta tashi a miliyan 41.5, ita kuwa .web a 2016 miliyan 135 aka saye ta, daga nan kuma rigima ta ɓarke har gaban kotu.

Ɓangaren doka shi ne mai ciwon kai. Duk sabuwar wutsiya dama ce ga masu rigegeniyar yin rajista da sunan kamfanin da ba nasu ba, ko su jira a zo a saya, ko su buɗe shafin bogi su dinga karɓar lambobin sirrin mutane. Shi ya sa kamfanoni ke ta sayen sunansu a wurare barkatai, ba don za su yi amfani da shi ba sai don kar wani ya ɗauka, kuma wannan asara ce zalla. Mafi muni ita ce .sucks, kalmar ɓatanci ce a Turanci, a 2015 masu ita suka sa wa masu alamar kasuwanci dala 2,499 a shekara, abin da mutane da yawa suka kira tatsa ƙiri-ƙiri, kuma da wuya a ce sun yi ƙarya.

Akwai kariya dai. Mai alamar kasuwanci yana da aƙalla kwana 30 na farko ya yi rajista kafin a buɗe wa kowa. In an riga shi sai ya kai ƙara ta tsarin warware rikicin sunayen intanet da ake kira UDRP na 1999, galibi a WIPO, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta duniya da ke Janiba, kuɗin shigarwa daga dala 1,500, kuma dole ya nuna abu uku: sunan ya yi kama da nasa, wancan ba shi da haƙƙi a kai, sannan da mugun nufi ya yi rajistar yake kuma amfani da ita. A Amurka kotu na iya cin tarar dala 1,000 zuwa 100,000 kan kowane suna. Matsalar kawai ƙaramin ɗan kasuwa da bai yi wa alamarsa rajista ba da wuya ya amfana da wannan kariya.

Har gwamnatoci abin ya taɓa, Barazil da Peru sun yi shekaru suna ja da kamfanin Amazon kan .amazon suna cewa ai sunan kogi da dajin yankinsu ne, sai a 2019 ICANN ta bar wa kamfanin.