Kwaikwayon zahiri a aikin tiyata

Kwaikwayon zahiri fasaha ce ta kwamfuta da ke bai wa likita damar sanya tabarau na musamman ya ga sassan jikin majiyyaci a tsaye a gabansa, ya juya su, ya leƙa bayansu, tun kafin a shiga ɗakin tiyata. Ana amfani da ita wajen tsara aiki da kuma horar da likitoci.

Tushen aikin shi ne hoton cikin jiki na CT ko MRI. Ana ɗaukar hoton yanka-yanka, sannan manhaja irin 3D Slicer, wadda kyauta ce, ta ware ƙashi da jijiyoyin jini da ƙari (tsiron ciwo a jiki), kowanne da launinsa, ta haɗa su siffa ɗaya. Kaurin yankan kada ya wuce milimita 1. Idan ya kai 5, ƙananan jijiyoyi kan ɓace, likita ya ga wuri fayau alhali akwai jijiya kwance. Motsin majiyyaci lokacin ɗauka, ko ƙarfe a haƙori, shi ma yana ɓata siffar. Majiyyacin da aka turo daga Daura zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, idan bugaggen hoto kawai ya riƙo, ba a iya gina komai da shi. Sai ainihin fayil ɗin DICOM, wato fayil ɗin kwamfuta da na'urar ɗaukar hoton ke fitarwa, a faifai ko filashi.

A ɓangaren horo, hujjar ta fi ƙarfi a tiyatar da ake yi ta ƙananan huji da kyamara. Binciken Jami'ar Yale ta Amurka a 2002 kan likitoci 16 ya nuna waɗanda suka yi atisaye da na'urar kwaikwayon tiyata mai suna MIST-VR sun fi sauri da kashi 29 cikin 100 wajen raba matsarmama da hanta, kurakuransu kuma sun ragu kusan ninki shida. A 2022 likitocin Landan da na Brazil sun yi atisaye tare ta wannan hanya kafin raba tagwayen da kawunansu ke manne.

Sai dai siffar ba ta motsi, jiki kuwa yana yi: ƙwaƙwalwa kan gusa da zarar an buɗe ƙoƙon kai. Jin taɓawa a hannu ma, na'urar ba ta kwaikwayonsa sosai. Gyaran yoyon fitsari irin na asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, inda yatsa ke tantance taurin tabo, har yanzu a gefen ƙwararre ake koyonsa. Tabarau marar waya kuma cajinsa bai cika wuce awa biyu ba, kuma hoto mai tsinkewa yana sa jiri da tashin zuciya.