Takardar EC8A: abin da doka ta ce a kan sakamakon rumfar zaɓe

Duk wanda ya tsaya a rumfar zaɓe a Katsina ranar 25 ga Fabrairu, 2023 har aka zazzage akwati ya ga yadda ake yi. Malamin zaɓe yana ɗaga ƙuri'a ɗaya bayan ɗaya, jama'a suna taya shi ƙirga da ƙarfi, matasa sun haska fitilun wayoyinsu domin magariba ta yi. Da an gama sai a cike takardar sakamakon rumfar mai suna EC8A. Rigimar zaɓe kusan duk a kanta take ƙarewa.

Dokar Zaɓe ta 2022, wadda marigayi Muhammadu Buhari ya sa wa hannu kuma aka yi zaɓen 2023 da ita, ta ce a sashe na 60 a ƙirga ƙuri'u a nan rumfar, a rubuta abin da kowace jam'iyya ta samu, malamin zaɓe ya sa hannu ya buga hatimi, wakilan jam'iyyu su ma su sa hannu a ba kowa kwafinsa. Sakamakon rumfa ba sirri ba ne ke nan. Ɗan jarida na iya faɗin abin da aka sanar a gabansa. Abin da ba shi da hurumi a kai shi ne ayyana wanda ya ci zaɓe. Wannan aikin baturen zaɓe ne kaɗai, wato jami'in da ke sanar da sakamakon ƙarshe bayan an tattara.

Inda dokar ta fi burge ni shi ne sashe na 51. A da, sai ƙuri'u sun zarce yawan masu rajista a rumfa kafin a ce an yi aringizo, alhali da wuya a ga duk masu rajista sun fito, don haka akwai sararin cusa ƙuri'u ba tare da an gane ba. Dokar 2022 ta ce a auna da yawan waɗanda aka tantance ranar zaɓe. A misali, rumfa mai rajistar mutum 700, na'urar BVAS ta tantance 250, sai aka tarar da ƙuri'a 300 a akwati: sakamakon ya rushe. Lissafi ne da ko ɗan firamare zai iya, in dai ya ga takardar.

Don a gan ta ɗin ne INEC ta buɗe shafin IReV, inda ake ɗora hoton EC8A na kowace rumfa. Rumfunan ƙasar nan sun haura 176,000, babu gidan jaridar da ke da wakilan da za su karaɗe su. Shi ya sa masu bin diddigin alƙaluma da ƙungiyoyin sa ido irin su Yiaga Africa ke kwatanta sakamakon rumfuna da abin da aka sanar a wurin tattarawa. Wani hoton dai dishi-dishi yake fitowa, sai ka ƙura ido kafin ka bambance 1 da 7.

A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 hotunan sun yi jinkirin hawa, magana ta kai kotu. A Oktoban shekarar Kotun Ƙoli ta yanke cewa IReV wurin dubawa ne, ba wurin tattara sakamako ba, kuma rashin ɗora hoto bai isa ya soke zaɓe ba. Mai ƙorafi sai ya zo da kwafin EC8A, da shaidun da suka tsaya a rumfunan da yake ƙara a kansu.