Kufan Surame: tambayoyin mai niyyar zuwa

Wai mene ne Surame, kuma ina take?

Kufan tsohon babban birnin daular Kabi ne, a yankin Binji, yamma da birnin Sakkwato. Muhammadu Kanta ne ya kafa shi a farkon ƙarni na 16. Kanta ya taɓa yaƙi a ƙarƙashin Askiya Muhammadu, sarkin daular Songhai, suka ɓata kan rabon ganima bayan yaƙin Agadas, ya ɓalle ya kafa mulkin kansa. Wanda ya yi wa Askiya tawaye kuwa dole ya nemi ganuwar da za ta tsare shi.

Idan na je, fada zan gani a tsaye?

A'a, kada ka sa ran soro ko zaure mai rufi. Abin da ya rage shi ne ganuwa, da guraben ƙofofi, da harsashin gine-gine, daji ya cinye sauran. Amma ganuwar ta isa a yi tafiya dominta. Biranen ƙasar Hausa irin su Kano da jar ƙasa aka kewaye su, ita kuwa Surame da duwatsu aka jera tata. Shi ya sa har yau wasu sassan ba su faɗi ba, alhali ganuwar ƙasa damina ce ke cin ta sannu a hankali. Ka tsaya gindinta ka ƙiyasta yawan hannayen da suka ɗauko duwatsun nan, nan za ka gane ƙarfin mulkin Kanta. A ganina bai kamata ɗalibin tarihi a jami'ar Ɗanfodiyo ya kammala bai taka wurin ba.

Me ya sa aka watse?

Ƙarfin Kabi ya ja baya, wajen shekarar 1700 sarautar ta koma Birnin Kebbi.

Hukuma ta san da wurin?

Ta sani. Tun 1964 aka sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa, a 2007 kuma Nijeriya ta gabatar da shi ga UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, yana jerin masu jiran tantancewa don shiga cikin wuraren tarihi na duniya.

Yaushe ya fi dacewa, kuma da wane shiri?

Lokacin hunturu, bayan ciyawa ta bushe, kafin zafin bazara. Ka tashi da sassafe, da ruwan sha da takalmi mai rufi saboda ƙaya da macizai. Ka fara gaida hakimi ko mai gari, ya haɗa ka da ɗan jagora, don baƙo ba zai bambance ƙofa da wurin da ganuwa ta rushe ba. Kafin duk wannan, ka tambayi mutanen yankin halin tsaron hanya a makon da za ka tafi. Idan sun ce a dakata, ka dakata.