Gyaran Kuskuren Ƙananan Hafsoshi a Sojan Ƙasa na Amurka

Gyaran kuskuren ƙananan hafsoshi tsari ne da rundunar sojan ƙasa ta Amurka ke bi domin nuna wa sabon shugaba inda ya kauce, ba tare da an zubar masa da ƙima a idon sojojin da yake jagoranta ba. Wanda abin ya fi shafa shi ne ƙaramin laftanan, matashi ɗan shekara 22 ko 23 da bai daɗe da fitowa daga makarantar horo irin ta West Point ba, aka damƙa masa rukunin sojoji kimanin talatin zuwa arba'in.

Wahalar lamarin tana cikin wanda zai yi gyaran. Mutumin da ya fi kusa da laftanan shi ne babban sajan rukunin, wanda sau da yawa ya haura shekara goma a bakin aiki. Ya fi shi sani, ya girme shi, amma a muƙami yana ƙasa da shi, sajan ne ke sara wa laftanan. Saboda haka al'adar bariki ta tsayu a kan cewa saja zai ja laftanan gefe, su biyu kawai, ya gaya masa gaskiya a fili cikin ladabi. Idan suka dawo gaban sojoji, umarni na laftanan ne. Sajan da ya kunyata hafsansa a bainar jama'a ya yi wa rukunin gaba ɗaya illa, domin gobe wannan hafsan ne zai ce a tashi a shiga wuta, kuma dole a bi shi. Wuri ɗaya ne ba a jiran keɓewa, wato inda rai ke cikin haɗari. A filin koyon harbi, kowane soja komai ƙanƙantar muƙaminsa yana da ikon ɗaga murya a tsagaita wuta.

Gyaran da ke zuwa daga sama kuwa aikin kyaftin ne mai riƙe da kamfani, wato sashen da ya ƙunshi rukunin laftanan da wasu irinsa. Ƙa'ida ta tanadi ya zauna da sabon laftanan cikin kwana 30 na farko ya bayyana masa abin da ake so daga gare shi, sannan a riƙa maimaita zaman duk wata uku. Akwai kuma fom mai lamba 4856 da ake rubuta nasiha a kai: abin da ya faru, matakin da za a ɗauka, da lokacin da za a sake dubawa. Amfanin rubutun shi ne kada ranar cike rahoton shekara ta zama ranar da mutum zai fara jin laifinsa.

Hanyar da ta fi yin suna ita ce bitar bayan aiki, wadda ake taƙaita sunanta na Turanci da AAR. Ta samo tushe a shekarun 1970, lokacin da rundunar ke sake fasalin horo bayan yaƙin Biyetnam, ta kuma kankama a farkon shekarun 1980 a cibiyar horo ta Fort Irwin da ke hamadar Mojave a jihar Kalifoniya. A can ana atisaye da bindigogi masu hasken lesa, na'ura na nuna wanda aka harba, don haka babu wurin musu. Bayan kowace arangama sai a taru, mai sa ido ya jefa tambayoyi huɗu: me aka shirya yi, me ya auku, me ya jawo hakan, me za a yi nan gaba. Ba ya yanke hukunci. Yakan bar laftanan ya bi sawun shawararsa da bakinsa har ya iso inda ta karkace, ƙaramin soja ma yana da damar cewa umarnin bai iso gare shi ba.

Tsarin yana da rauni. Inda kwamanda ya mayar da bita dandalin tsawa, ƙananan hafsoshi kan koyi ɓoye kuskure, su daina yanke shawara sai an gaya musu. Wannan ya sa masu horo ke rarrabe kuskuren rashin ƙwarewa, wanda ake gyarawa da ƙarin atisaye, da laifin rashin gaskiya ko cin zarafin na ƙasa, wanda ke kai hafsa gaban hukunci ko a tuɓe shi daga jagoranci.